Takardar Ƙunsa Ƙosai

Gideon yana ofis a Barnawa, ya buɗe kular abincinsa ke nan, sai ƙanwarsa Irene ta kira. Ko gaisuwa babu.

"Broda, ka zo Mahuta yanzu-yanzu. Za su kashe Mama Saratu, kuma littafinka ne ya jawo."

Da ƙyar ya gane littafin da take nufi. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, yana ɗalibi mai rawar kai, ya rubuta gajerun labarai tara na aljanu da mutanen wasu taurari, ya kai wa wani mai buga takardu a Kakuri. Baƙi Daga Bayan Wata ya sa wa littafin suna. Kwafi ɗari biyar aka buga, ko talatin ba a saya ba, kuma gaskiya ba a cuci kowa ba da aka ƙi saye.

Yana cikin keke napep Irene ta ƙarasa masa a waya. Mai buga takardun nan ne ya share sito, ya sayar wa masu ƙosai na Gonin Gora ragowar littafin su riƙa ƙunsa kaya. Ranar Litinin 'yar Nathan, maƙwabcin Mama Saratu, ta rasu bayan zazzaɓin kwana huɗu. Yau da safe matar Nathan ta warware ƙunshin ƙosai, ta ga sunan tsohuwar a jikin takardar.

Gideon ya tuna labarin sarai: wata tsohuwa mai baƙar tukunya, tana tara inuwar yara a ciki tana tashi da su sama. Mama Saratu kuwa shekara uku tana ciyar da shi lokacin da yake haya a gidanta. Shi a wautarsa, sa sunanta a littafi karramawa ce.

Ya tarar da ƙofar gidan cike. Matasa riƙe da gorori, mata na ta hayaniya, tsohuwar kuma tana zaune a ƙasa, ɗankwalinta ya faɗi. An fito da tukunyarta an ajiye a tsakiya, kowa na kewaye ta daga nesa. Irene ta tura shi daga baya, ya shiga tsakiya.

"Jama'a, ni na rubuta," ya ce. "Ƙirƙira ce. Daga kaina na fito da ita."

Nathan ya matso, idanunsa jajur, ya ɗaga takardar da mai ya jiƙa.

"Daga kanka? Ka ce tana ɗingisa ƙafar hagu. Tana yi ko ba ta yi?"

"Tana yi, amma..."

"Ka ce kunnen tukunyar ɗaya ya karye. Ga ta nan, duba. Ka ce akwai mangwaro a ƙofarta. Ka zauna a gidan nan shekara uku, abin da idonka ya gani ka rubuta."

"Da inji fa aka buga," in ji wata mata daga baya. "Who go print lie? Wa zai buga ƙarya?"

Tsoro ya kama Gideon irin wanda bai taɓa ji ba. Malaminsu na makaranta ne ya ce musu marubucin kirki da abin da ya sani yake gini, shi kuma ya bi umarni har ya wuce gona da iri.

"A shafi na gaba tana dawo da yaran," ya ce. "Ceton su take yi daga annoba. Wallahi haka labarin ya ƙare."

"Kawo shafin."

Ina zai samo shi? Wani ya ci ƙosai a ciki ya yar. Nasa kwafin kuwa tuni ya ƙona, don kunyar rubutun ƙuruciya.

Wani saurayi ya ɗaga gora. Gideon bai san lokacin da ya faɗa kan tsohuwar ya rufe ta da jikinsa ba, dukan ya sauka a kafaɗarsa. Ana cikin haka mai unguwa da fasto suka iso a guje. Da ƙyar suka kwantar da hankalin mutane, a kan sharaɗin Mama Saratu ta bar unguwar kafin yamma.

Buhu ɗaya na kaya aka bari ta ɗauka daga gidan da ta shekara talatin a ciki. Gideon ya sa ta a keke, suka kama hanyar Barnawa. Sai da suka yi nisa ya lura ta tsinto takardar, tana damƙe da ita. Mama Saratu ba ta taɓa shiga aji ba.

"Gidiyon, karanta mini."

"Mama, ki bari mu isa gida."

"Karanta. Kowa ya ji, ni kaɗai ban ji ba."

Ya karanta mata. Ta saurara har ƙarshen shafin, sannan ta juyo ta dube shi, a tsorace, kamar yau ta fara ganinsa.

"Ɗana, duk lokacin da nake zuba maka tuwo, abin da kake gani ke nan?"