Tela da Sabon Hannu

Shekara biyu wata Injiniya da ƙawarta Likita suka yi a ɗakin bincike na jami'a suna ƙera hannun roba mai motsi da lantarki. Wanda ya fara gwada shi wani tsohon tela ne da ya rasa hannun dama a hatsarin mota.

Da suka ɗaura masa, Likita ta ajiye kofi a gabansa.

"Baba, ɗaga wannan a hankali."

Tsohon ya harari kofin. "'Yata, ai shan ruwa bai taɓa gagara ta ba. Ku ba ni allura da zare."

Suka kalli juna, don wannan ba ya cikin tsarin gwajin. Duk da haka Injiniya ta lalubo masa a jakarta.

Sau biyu allurar tana suɓucewa daga yatsun roba. A na uku ya riƙe ta gam, ya zura zaren da hagu. Injiniya ta yi tsalle har da tafi.

Tela ya yi dariya, ya nuna farar rigar Likita. "Miƙo nan. Tun da na shigo maɓallin nan mai lilo yake damuna."