Filin da Yero Ya Zaɓa

Tun da 'yan bindiga suka kore musu shanu suka baro Ruma, Yero ya rage magana. Shekararsa tara. Shi da mahaifiyarsa Asta suna zaune a Batsari, a wani ɗaki da Malam Rabe ya ba su cikin gidansa. Da an tashi daga makarantar allo da hantsi, sai yaron ya ɓace.

Malam Rabe ne ya gano inda yake zuwa.

"Asta, yaronki yana shagon Haisam, inda ake buga gem," in ji shi. "'Yan katun ne na Japan, suna naushin juna, suna jifan juna da wuta. Yaron da idonsa ya ga abin da ya gani, wannan bai kamace shi ba. Je ki ɗauko shi."

"To, Malam."

Ta yafa mayafi ta tafi. Shagon da duhu-duhu, fanka na juyawa a hankali. Yero kaɗai ne a kan benci, na'urar latsawa a cinyarsa, bai ko taɓa ta ba. A talabijin kuwa wani fili ne kore shar, ciyawa har gwiwa tana kwantawa tana tashi, ga rafi, ga furanni na zubowa daga sama. Mutum biyu masu manyan idanu na tsaye suna numfashi, babu mai dukan wani.

Haisam ya gaishe ta, ya rage murya. "Inna, ba ya faɗa. Wajen koyo yake shiga, inda ba a taɓa mutum, ya zaɓi wannan filin, ya yi ta kallo. Yanzu babu kowa, shi ya sa nake ƙyale shi."

Asta ta zauna a gefen ɗanta. Ta daɗe tana kallon ciyawar, har ta ji kamar ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari yana shigo mata hanci, kamar farar saniyarsu za ta ɓullo daga bayan tudun can tana kaɗa bindi.

"Inna," Yero ya ce, yana nuni da yatsa, "nan za mu ɗaure maruƙa. Rafin ba nisa."

"Ba nisa," ta ce.

Suna nan zaune har aka taso 'yan firamare. Suka shigo da hayaniya, ɗayansu ya ɗauki ɗaya na'urar, ya ce wa Yero su gwada. Nan take filin ya kama da wuta. Mai shuɗin gashin da Yero ke sarrafawa ya tashi sama ya maka abokin karawarsa da ƙasa.

"Tashi in ƙara maka!" Yero ya yi ihu, ya ƙyalƙyale da dariya.

Asta ta juyo ta dube shi. Rabon da ta ji dariyarsa tun suna Ruma, amma ba a kan wannan ta so jin ta ba.

A gida ta kwashe duka ta faɗa wa Malam, har da ihun. Ya saurara yana shafa gemu. Washegari ya je shagon da kansa, ya jima kafin ya dawo.

"Ki riƙa raka shi lokacin da babu kowa," ya ce. "Da yara sun shigo, ku taso. Faɗan nan har yanzu bai kwanta mini ba."

Haka aka yi. Asta kan tafi da faifan da take saƙawa, wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ta a kan bencin. Ranar wata kasuwar Batsari, tana tsakanin barci da farke, ta ji Yero na tambayar Haisam ko ana ruwan sama a filin nan. Haisam ya ce bai taɓa gani ba, amma zai duba.