Cikin Mairam Da Ya Kwanta

Tun kafin ruwan farko ya sauka Mairam ba ta ƙara ganin al'adarta ba. Sai ta sa a ranta ciki ne ya kwanta, irin wanda ake cewa yakan yi shekara yana barci kafin ya motsa. 'Yarta ɗaya ce a duniya, Adila, tana aure a Jahun. Don haka ta daina daka, ta daina ɗaukar tulu, ta bar 'yar gonar shinkafarta ta bakin fadama, kada ta girgiza abin da Allah ya ajiye mata. Har majanyin goyo ta saya ta ɓoye.

Amma zaman bai karɓe ta ba. Tana cikin inuwa sai zafi ya taso mata daga ƙirji ya haye wuya, gumi ya jiƙe ɗankwali sharkaf. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ɗauki mafici, ta yar. Gwiwoyi suka riƙe. Ko tari mijinta Bunu ya yi, sai ranta ya ɓaci.

Ran nan yayarta Uwa ta zo daga Baturiya da bandar kifi, ta same ta tana kewaya turmi kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

"Ke Mairam, wa ya kore ki daga gona? Na biyo ta can, ciyawa ta kusa shaƙe shinkafar."

Mairam ta dafa cikinta, ta sunkuyar da kai.

Uwa ta riƙe baki. "Ciki? Da wannan furfurar taki? Tashi, ɗauko mayafi."

Suka tafi asibiti cikin garin Hadejia. Malamar asibiti ta gwada, ta duba, sannan ta sassauta murya. "Mama, babu ciki. Al'ada ce ta ɗauke, shekaru ne suka zo. Jiki ne ke sauyawa, shi ke kawo zafin nan da ciwon gaɓoɓi. Zama wuri ɗaya kuwa ƙara ciwon yake. Ki riƙa tafiya, ki koma aikinki daidai ƙarfinki."

Suka fito. Uwa ta tsayar da mai babur, Mairam kuwa ta girgiza kai, ta ce da ƙafa za ta.

Sai da suka yi nisa ta ce, "Yaya, ke ma kin yi wannan zafin?"

"Ni da na so in shige randa in zauna! Yana wucewa, 'yar nan."

Mairam ta yi dariya, hawaye na zuba. "Majanyin nan sai in kai wa Adila."

Ba ta nufi gida ba. Ta bi gefen kogi, gwiwa na ciwo, ta tsaya ta huta, ta ƙara gaba. Da ta isa gonar ta ɗage zani, ta tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi, ta sunkuya ta damƙi ciyawa ta tumɓuke.