Kwalbar Mama

Shekara uku ina bin gidajen mutane ina roƙon kashi. Aikin ke nan, babu wata kwana-kwana. Farfesan da nake wa aiki yana binciken ƙananan halittun da ke zaune a hanjin ɗan Adam, yana son samfurin mutum dubu goma, ni kuma aka haɗa ni da kwalabe da akwatin ƙanƙara. Ƙanina har suna ya raɗa min, wai Shugabar Masai.

Ba kowa ke yarda ba, wasu har zagi. Magana ɗaya ce ke buɗe min ƙofa, wadda Farfesa ya koya mana da bakinsa ranar da aka ɗauke mu aiki: duk wanda aka ga matsala a cikinsa, za a kira shi.

Ita na faɗa wa Mama. Ta shekara biyar tana fama da ciwon ciki, an yi hoto, an ɗebi jini, ba a ga komai ba. Da farko ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu 'yarta ba za ta ɗauki wannan abu ba. Sai da na rantse mata. Ta miƙo kwalbar a nannaɗe cikin leda uku, ba ta kalle ni ba.

Ranar sakamako aka tara mu a ɗakin taro. Allo ya cika da ɗige-ɗige, kowane ɗigo mutum guda. Farfesa ya nuna wasu jajaye a gefe, ya ce su tamanin da biyu ne, hanjinsu na ɗauke da alamar da ya kamata likita ya duba da wuri. Aka yi tafi.

Na tare shi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, yaushe za mu fara kiransu?"

"Kiran wa? Ai babu sunaye. Kwalba na shigowa ake raba ta da sunan mai ita. Ƙa'idar ke nan tun farko, tana cikin takardar da suka sa hannu."

"Ba takarda suka bi ba, bakina suka bi. Abin da ka ce na faɗa musu."

Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Da kin gaya musu gaskiya, mutum nawa za su ba ki?"

Ban taɓa jin na tsani mutum kamar lokacin ba. Shekara uku yana ƙarya da bakina, ni kuwa ina ta washe haƙora a ƙofar mutane.

Da na koma gida na tarar da Mama a kujera, hannu ɗaya dafe da ciki, wayarta a jikin caji. Tun ranar da ta ba ni kwalbar ba ta bari wayar ta mutu ba.

"An gama?"

"An gama, Mama."

Ta duba wayar, ta sauke ajiyar zuciya, har da murmushi.

"To, alhamdu lillahi. Tunda ba su kira ni ba, lafiyata ƙalau ke nan, ko?"