Festo Ya Zaɓi Injin Wasa Sarƙa

Tun Festo Mgaya yana saurayi yake yankan katako a dazukan Njombe. Wata rana sarƙar injinsa ta dakushe, ya yi ƙyuyar wasa ta, ya ci gaba da yanka, sai injin ya yi tsalle ya sare shi a hannun hagu. Hannun bai tsinke ba, amma da ya warke yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. 'Yan uwa suka ce ya haƙura ya koma noman dankali.

Festo bai yi musu da kowa ba. Ya san babu abin da masu yanka suka tsana irin zaman wasa sarƙa da magagarin hannu, haƙori bayan haƙori, ga sanyin duwatsu yana cin yatsu. Ya ƙudura a ransa shi zai riƙa wasa musu, amma da inji.

Matarsa Yustina ta goya shi a babur zuwa garin Makambako, yana rungume da tsohon injinsa na yanka a buhu. Suka sauka shagon Mama Kyando, wadda ta daɗe tana sayar wa masu katako kaya. Ta nuna musu wani babban inji da ake ɗaurewa a kan tebur a jona da wutar gari, ta yabe shi sosai. Nan take ya kwanta wa Yustina a rai. Ta ce sai ya kafa rumfa a ƙofar gida, masu sarƙa su riƙa zuwa.

Festo ya gwada. Hannu ɗaya ke sauke dutsen wasawa, ɗayan kuma sai ya kwance maƙallin, ya ja sarƙa, ya sake matsewa. Yatsunsa suka kasa. Ya ajiye, ya nuna wani ɗan ƙarami mai kama da tocila, wanda ake jonawa da batirin babur, ana wasa sarƙar tana jikin injinta.

"Wannan ai na masu yawo ne, ƙanena," in ji Mama Kyando.

Ya danne tsohon injinsa da gwiwa, ya riƙe ɗan ƙaramin da dama, yana tura sarƙar da tafin hagu. Haƙorin farko ya daɗe a kai har ƙarfen ya ƙone ya yi shuɗi. Mama Kyando ta yi dariya, ta ce in zai cinye mata dutse a gwaji to ya faɗa mata ta shimfiɗa masa tabarma. Bai ɗago ba. Ya sassauta hannu, yana taɓawa yana ɗagawa, har ya zagaye sarƙar. Ya shafa haƙoran da babban yatsa, ya ji suna kama fata.

Yustina ta ja shi gefe, muryarta ƙasa ƙasa.

"Maigida, dajin nan za ka koma?"

"Mutumin da ke tsakiyar yanka ba zai sauko daga dutse don sarƙa ba. Da dakusasshiyar zai ci gaba, kamar yadda na yi."

Ta daɗe tana kallon babban injin. Daga baya ta ce wa Mama Kyando ta naɗe ƙaramin, ta haɗa da duwatsu masu kauri daban-daban, tunda sarƙoƙin ba girmansu ɗaya ba. Ta kuma gaya wa Festo ita za ta riƙa kai shi, don ba ta yarda ya tuƙa babur da hannu ɗaya a wannan laka ba.

Farkon fitarsu bai yi daɗi ba. A sansanin farko aka yi masa ba'a, wani ya ce ba zai ba gurgun hannu sarƙarsa ba. A na biyu ya lalata wa wani dattijo haƙora biyu, ya ba shi haƙuri, ya gyara abin da zai gyaru. Kullum suka dawo gida sai ya zauna da tsofaffin sarƙoƙi yana koyo har tuwon ugali ya huce.

Kafin damina ta wuce, masu yanka sun gane ƙarar babur ɗin Yustina. Da sun jiyo ta tana hawowa sai su kashe injuna, su jera su a kan kututture, su koma gefen wuta su sha shayi.