Ranar Da Mama Ta Fita Ana Cikin Sujada

Ana tsakiyar waƙar miƙa baiko a coci Mama ta tsaya cak a kan layi, har matan da ke bayanta suka yi karo da juna. Ta sunkuya da ƙyar, ta ajiye ambulan ɗinta a ƙasa gaban tebur, ba cikin kwando ba, sannan ta juya ta nufi ƙofa tana dogara sanda.

Babban ɗanta ne ke riƙe da kwandon, wanda kowa ke kira Sakatare saboda ya daɗe yana rubuta wa ikilisiya takardu. Ya saki baki yana kallo. Matar da ko zazzaɓi bai taɓa fitar da ita kafin addu'ar rufewa ba! Ya danƙa wa na kusa da shi kwandon, ya bi ta.

A bakin titi ya cim mata tana ɗaga wa tasi hannu.

"Mama, lafiya? Jiri ne?"

"Ba ka ji abin da Fasto ya karanta ba?"

Ya ji mana. In ka kawo baikonka, ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye shi, ka je ku shirya tukuna. Shi kansa ya koyar da wannan a ajin manya ya fi a ƙirga, har da misalai masu daɗi.

"To ai ba cewa aka yi a tashi ana cikin sujada ba, Mama."

"Ni ban yi boko ba, abin da na ji shi zan yi. Wurin Auta za ni."

Sakatare ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Auta ƙanensa ne, ciki ɗaya. Shekara tara ke nan rabon da ya ambaci sunansa, tun rasuwar babansu. Auta na aiki a wani gari lokacin, aka kira shi, ya ƙi zuwa jana'iza. Da ya tashi bayyana bayan mako biyu, Sakatare da hannunsa ya rufe masa ƙofar gida. Kuma, a gaskiya, bai taɓa jin ya yi laifi ba. Wanda bai binne ubansa ba, me ya rage a faɗa masa?

Tasi ta tsaya. Ba zai bar tsohuwa ta tafi ita kaɗai ba, dole ya shiga.

"Mama, shi ya kamata ya zo ya durƙusa miki. Ke da bakinki kika kira shi, ya ce ba zai zo ba."

"Ban kira shi ba."

Direba ya rage rediyo.

"Na'am?" in ji Sakatare.

"Ban kira shi ba, na ce. Kana ta fama da asibiti da masu akwatin gawa, ka ce in buga masa waya. Na riƙe wayar nan a hannu, sai na tuna zai zo da matar nan tasa da na hana shi aure, ta zauna cikin dangi ana yi mata gaisuwa. Zuciya ta ci ni. Na ce bari sai gobe. Da ka tambaye ni, kunya ta sa na ce ya ƙi. Kafin in ankara ka faɗa wa kowa."

"Ya Ubangiji! Mama!"

"A bakin wani direban mota ya ji mutuwar ubansa."

Sakatare ya dafe kai. Gumi ya karyo masa, ya sassauta wuyan rigarsa. Ya tuna tsayuwar da ya yi a taron dangi yana cewa shi ba shi da ƙane. Ya tuna bikin 'yarsa, da ya soke sunan Auta daga jerin gayyata da jan biro. Kai, har addu'a ya sha yi a bainar jama'a, Allah ya shiryi masu taurin zuciya, kowa kuwa ya san da wa yake.

"Shi ya sani?"

"Ya sani. Ya same ni a ɓoye ya tambaye ni, na yi kuka na ce ya rufa mini asiri. Ya rufa."

Tasi ta sauke su a gaban shagon Auta.

Ashe Mama ta san shagon sarai. Ɗan ƙaramin shagon aski ne, madubi ɗaya, kujera ɗaya, da benci mai mutum uku suna jira. Auta na tsaye da injin aski a hannu. Sakatare ya tsaya turus a bakin ƙofa. Furfura a kan Auta! Ga kuma kafaɗar nan da ta ɗan karkace, sak ta babansu.

Mama ba ta yi wata-wata ba. Ta jingine sanda, ta fara lanƙwasa gwiwa a kan gashin da ke zube a ƙasa. Mutanen benci suka miƙe zumbur. Auta ya yar da inji ya tare ta.

"Haba Mama! Kada ki ja mini. Ni na yafe tun tuni."

"A gaban mutane aka ɓata ka, a gaban mutane zan faɗa. Ku ji, ɗana bai ƙi jana'izar ubansa ba. Ni ce ban sanar da shi ba." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Na gaya wa yayanka."

Sai a lokacin Auta ya gan shi. Sakatare, mai aya a kan kowace magana, ya lalubi ko guda ya rasa.

"Me ya hana ka faɗa mini?" in ji Sakatare.

"Na zo faɗa, Yaya, ka rufe ƙofa." Auta ya zaunar da Mama a kan benci. "Daga baya kuma na duba, in na wanke kaina, wa zan shafa wa? Uwa ce."

Mutumin da ke kan kujera, kansa rabi a aske, ya yi gyaran murya. Auta ya ɗauki inji ya koma bakin aiki. Sakatare ya rasa inda zai sa kansa. Tafiya ba ta yiwu ba, magana ta ƙi. Ya raɓa ya zauna a ƙarshen benci da kwat ɗinsa ta Lahadi.

Da aka gama, Auta ya kakkaɓe ƙyalle, ya ce, "Wa ke biye?"

Mutanen nan uku suka dubi juna, babu wanda ya motsa. Sakatare ya tashi ya hau kujerar. Auta ya ɗaura masa ƙyallen a wuya, ya tsaya yana duban kan ta madubi. Jiya-jiya aka aske shi tas.

"Yaya, ai babu abin askewa a nan."

"Ka dai yi a hankali," in ji Sakatare. "Ba sauri nake yi ba."