Fitila Mai Kunne

Ƙanwata Auta ba ta ji. Zazzaɓi ne ya tafi da kunnenta tun tana rarrafe, da hannu muka tashi muna magana da ita. Ni kuwa gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwa, ina wuni ina gyara wa mutane abin da za su saurara, na kasa gyara na 'yar'uwata.

Bayan ta haihu, wata rana mijinta direba ya yi tafiya, jaririyar ta yi ta kuka har muryarta ta dishe, Auta tana barci a gefenta ba ta sani ba. Uwar mijin, wadda ɗakinta ke manne da nasu, ta shigo ta ɗauke yarinyar. Washegari ta ce daga yau jikarta a wurinta za ta riƙa kwana, in gari ya waye a miƙa wa uwar ta ba ta nono.

Auta ta zo shagona idonta a kumbure. Ta rungume hannuwanta kamar mai riƙe da jariri, sannan ta buɗe su wayam. Na yi mata alama ta yi haƙuri, akwai dabara.

Na san abu ɗaya game da ƙanwata: ko ashana ka ƙyasta a ɗaki sai ta farka. Don haka na ciro makirufo daga cikin wata matacciyar rikoda, na haɗa shi da transisto biyu da ƙananan ƙwayayen tocila, na liƙe su da dalma. Na zuba komai a cikin robar man shafawa, na huda mata ramuka ta gaba don sauti ya shiga, na manna takardar azurfa ta ciki don hasken ya taru wuri guda. Fitila ce da za ta haska in ta ji kuka. Batir kawai take ci, ba ruwanta da ɗauke wuta.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Da farko sai ka yi ihu kafin ta kama. Na ƙara mata ji, sai ta koma kamawa ko babur ne ya wuce. Na sa matata ta je barka ta ɗauko mini kukan yarinyar a waya, na riƙa kunna shi ina ja da baya, ina murɗa ɗan maɓallin da ke gefe. Na ƙona yatsa, na kori masu kawo gyara, maƙwabcina tela yana ta yi mini tsiya wai na buɗe gidan reno. A ƙarshe ta tsaya daidai, ko daga bayan ƙofa aka kunna kukan sai ta haska. Don tsoro ma na ƙara mata ji kaɗan.

Da la'asar na kai ta gidan. Muka rufe tagar ɗakin Auta, na ajiye fitilar kusa da matashin kai, na ce ta kwanta ta rufe ido. Uwar mijin tana tsaye a bakin ƙofa da yarinyar a kafaɗa, mijin Auta yana bayanta yana kaɗa makullin mota. Kamar an aiko ta, yarinyar ta tsala kuka. Ɗakin ya haska, Auta ta tashi zumbur ta miƙa hannu tana dariya.

Ba a miƙa mata ita ba.

"Sannu da ƙoƙari, mai rediyo," in ji tsohuwar. "To ran da batir ya ƙare fa?"

"Ni zan riƙa zuwa ina canjawa, Mama."

"Ran da ka manta fa? Roba ce za ta yi mini renon jika? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

Na dubi mijin. "Kai ba ka da abin cewa?"

"Yaya, ai ka ji abin da Mama ta ce."

Wallahi na ji kamar in shaƙe shi. Ashe tun kafin in kunna ƙarfen dalma an gama magana, aikin baban giwa kawai na yi. Auta tana bin bakinmu da kallo, ta fahimta ba sai na fassara mata ba. Na fito na bar fitilar a inda take, don ko kallonta ban son yi.

Bayan kwana biyu na koma da sassafe in ɗauko abata, ko ba komai na ciri ƙwayayen. Na tarar da Auta zaune a ƙasa ta jingina da bangon da ya raba ɗakinta da na surukarta, fitilar tana kan cinyarta. Idonta ja wur, gaban rigarta ya jiƙe da nono.

Na tambaye ta da hannu, ba ki yi barci ba? Ta nuna bangon, ta nuna fitilar. Jin da na ƙara mata ne ya yi yawa, tana jiyo kukan yarinyar ta cikin bango. Duk lokacin da ta yi kuka a can, nan sai ya haska. Auta ta ce wani lokaci hasken yakan daɗe bai mutu ba. Ta kwantar da kumatunta a tafin hannu, ta kwaikwayi munsharin da ba ta taɓa ji ba. Masu kunnen ma barci suke yi. Ta ce cikin dare ta je ta buga ƙofar surukar, an sa sakata.

Raina ya ɓaci, na kai hannu zan zare batir ɗin ko ta samu ta runtsa. Ta doke hannuna da ƙarfi, ta ƙanƙame robar a ƙirjinta.

Muna haka fitilar ta kama. Ni ina jin kukan da kunnena, ita tana kallonsa. Ta ɗago ta yi mini alama da yatsu: gobe in za ka zo, ka taho da sabon batir.